Kwana Kyauta a Tafiyar Moto: Jagora Ga Mai Tashi Daga Damagaram

Tun da samari suka fara ɗaukar moto suna doguwar tafiya daga Damagaram, wasu Maraɗi, wasu Gure, wasu har Yamai, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: in dare ya riske ka a hanya, aljihu kuma bai kai na otal ba, ina za ka kwanta? Da yawa sun ga hotunan Turawa a intanet, an kafa tanti a tsakiyar daji, moto a gefe, suna son su kwaikwaya. A ƙasarmu wurin kwana kyauta a hannun mutane yake. Wanda ya iso gari da sauran rana, ya iya sallama, ya san wanda zai tambaya, da wuya ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma. Daji sai dole, shi ya sa na ajiye shi can ƙasa.

1. Takardu da kaya

Fara da takardu, don su za su sa a yarda da kai: katin ɗan ƙasa, kartigiris ɗin moto, da sauran abin da ake tambaya a shinge, irin su asiransi. In moton aro ne, riƙe lambar mai shi, ka kuma sanar da shi hanyar da za ka bi. Sa su a leda, a jikinka, ba cikin jakar da aka ɗaure a baya ba.

Kayan kwana ba su da yawa. Tabarmar roba, sange, igiya kamar mita goma, tocila, buta, bidon ruwa na lita biyar, sarƙa da kwaɗo. In hunturu ne ƙara bargo da hular sanyi, in damina ce ƙara tamfol ko babbar leda. Na moto kuma: kayan faci, famfo, buji ɗaya na ajiya, da ƴan sifanu. Sai abin da mutane suka fi mantawa, wato ganyen shayi, sukari da ɗan goro. Amfaninsu zai bayyana a mataki na 4 da na 9.

Tanti ba dole ba ne. Yana da tsada, yana da zafi a bazara, yana kuma tara maka yara da ƴan kallo. Sange da igiya sun wadatar kusan ko'ina.

Hattara: kayan kwana su ake ɗaurawa a sama, don kada ka kwance kaya duka a cikin duhu. Duba kuma kada bakin tabarma ko sange ya sauko kan salansa ko kusa da sarƙar moto.

2. Yanke inda za ka kwana tun kana gida

Daga Damagaram zuwa Takeita wajen kilomita 50 ne, Tasawa ta ɗara 100, Maraɗi wajen 240, Yamai wajen 900. Ta gabas, Mirya ba ta kai 20 ba, Gure ta ɗan wuce 160. Ta arewa Tanut wajen 150, Agadas wajen 450. Ƙaramin moto mai kaya, in ka haɗa da ramuka, shingaye, salla da hutar da inji, lissafa masa kilomita 40 zuwa 50 a awa. Kada ka yi lissafi da abin da allurar moto ke nunawa a miƙaƙƙiyar kwalta.

Zaɓi gari biyu: wanda kake son kaiwa, da wanda ke gabaninsa, ko da faci ya ci maka lokaci. Mai zuwa Maraɗi da ya tashi da azahar, misali, ya sa Tasawa a gaba, Maijirgi a matsayin madadi.

Daga nan sai neman suna. Tambayi ƴan fadarku, direbobin tasha, ƴan kasuwar Dole masu bin kasuwannin ƙauye: wa ka sani a gari kaza? Sunan mutum ɗaya da lambarsa sun fi duk wata manhaja aiki. Akwai irin su iOverlander da ƴan yawon duniya ke rubuta wuraren kwana a ciki, amma ba don irin tafiyarmu aka yi su ba, kuma wurin da wani ya kwana lafiya shekaru da suka wuce ba hujja ba ce a yau. Abin da waya za ta yi maka shi ne ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana da rezo.

Dokar da ba a karyawa: da la'asar ka fara neman masauki. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Disamba, kusan ƙarfe 7 a watan Yuni. Ka shiga garin kwana aƙalla awa guda kafin nan. "Bari in ƙara gari ɗaya" ita ce maganar da ta fi jefa masu moto cikin wahala.

Hattara: ba kowace hanya wannan jagora ta shafa ba. A 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, har da hana zirga-zirgar moto, haka ma wasu sassan Tilaberi daga baya. Dokokin kan canza, saboda haka kafin ka wuce Gure, ko ka doshi yammacin ƙasa, tambayi jandarma halin da ake ciki. Kudancin Maraɗi, wajen iyaka, ƴan bindiga da moto suke yawo, baƙon moto da dare abin tsoro ne a can. Bayan Tanut kuma garuruwa sun yi nisa da juna, ka tsara kwananka a cikin gari, ba tsakanin gari da gari ba. Kada kuma ka sa a Facebook inda za ka kwana yau. Sa hoton bayan ka bar wurin.

3. Irin garin da za ka tsaya

Babban gari ya fi wuyar samun masauki kyauta in ba ka san kowa ba, don kowa harkarsa yake, kuma za a nuna maka gidan baƙi na kuɗi. Ƴar ƙaramar tunga mai gida biyar ita ma ba ta dace ba: za su tsorata, ruwansu ma bai ishe su ba. Nemi matsakaicin gari a bakin kwalta, mai masallacin Juma'a, da lakwal, da famfo, da mai shayi. Irin wannan gari ya saba da matafiya.

Ranar kasuwa tana da fuska biyu. A jajibirin kasuwa, kamar ranar Asabar da dare a Mirya da kasuwarta ke ci Lahadi, fatake kan kwana a rumfuna, ba wanda zai tambaye ka dalili. Amma nan ne hannu ya fi yawa. In kai kaɗai ne da moto mai kyau, na fi son ka zaɓi garin da ba ya cin kasuwa a ranar.

4. Shiga gari da neman izini

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure.

Rage gudu tun daga bakin gari. In ka hango majalisar dattawa, galibi kusa da masallaci ko gindin bishiya, kashe moto da ɗan nisa, ka sauka. Cire hular kwano, sauke rawani ko ƙyallen da ka rufe fuska da shi, cire tabarau. Mutum ya ga fuskarka kafin ya ji muryarka. Kada ka yi sallama kana zaune a kan moto inji na ƙugi, kada ka aiki yaro ya kira maka babba, kada kuma ka doshi ƙofar gidan matan aure.

Yi sallama, ka miƙa hannu ga kowa, ka durƙusa ko ka zauna a gefen tabarma. Gaisuwa ta ƙare tukuna: gida, iyali, gajiya, sanyi ko damina. In lokacin salla ne, nemi ruwa ka yi alwala ka bi jam'i, maganar masauki ta biyo baya. Sannan ka fuskanci wanda ya fi shekaru:

"Baba, ni baƙo ne. Daga Damagaram nake, unguwar Birni, ɗan gidan wane. Gure za ni, ga shi rana ta yi ƙasa, ba na son tafiyar dare. Ko za a nuna mini gidan mai gari in gaishe shi, in samu inda zan raɓa zuwa asuba?"

Duba abin da ke cikin wannan magana: daga ina, ɗan wa, zuwa ina, don me ka tsaya, yaushe za ka tashi. Tambayoyin da ke ransu ke nan, ka amsa su tun ba a yi ba. Ba ka ce "kyauta" ba, ba ka kuma tambayi nawa ne ba. Dukansu biyu cin fuska ne. Ba ka nemi ɗaki ba, ka bar musu su zaɓa.

Yawanci za a haɗa ka da yaro ya kai ka. Tura moton da hannu in gidan kusa ne. A zauren mai gari cire takalmi, "ranka ya daɗe" ta riga komai, ka maimaita bayaninka yadda ka faɗe shi a majalisa, ba ƙari ba ragi, don labarin ya riga ka isowa. Fito da katinka ka miƙa tun ba a nema ba. Wasu samari na jin wannan ƙasƙanci ne. Ba haka ba ne: mai gari shi hukuma za ta tambaya in wani abu ya faru, ka sauƙaƙa masa. In ya ce zai riƙe katin zuwa safe ko zai kira jandarma ya sanar, ka ce to. In ka zo da goro, yanzu ake ajiye shi, a matsayin gaisuwa.

Za a kawo ruwa, wataƙila fura, da dare tuwo. Ka ci ko da kaɗan ne. In gidan ka ga alamar babu, kada ka cinye kwanon, kuma ka fito da shayinka a dafa tare. Mai zuba shayi, kafin zagaye na uku ya tashi daga baƙo.

In an ce babu wuri, ko aka yi ta kewaye-kewaye, kada ka yi gardama, kada ka kawo hadisin baƙo. Wataƙila an taɓa cutarsu. Yi godiya ka tambayi gari na gaba. Dalilin da ya sa aka ce ka iso da sauran rana ke nan.

Hattara: in ku da yawa ne, kada moto huɗu ko biyar su faɗa gari lokaci guda, balle da magariba. Ku tsaya a bakin kwalta inda ake ganinku, mutum ɗaya, wanda ya fi shekaru ko ya fi iya magana, ya shiga a ƙafa. In da mace a tafiyar, a faɗa tun farko, za a shigar da ita cikin gida wajen mata, kuma ita ce za ta fi kowa samun wuri mai kyau.

5. Wuraren da ake samu

Zauren mai gari ko ɗakin baƙinsa shi ne na ɗaya, don kana ƙarƙashin kariyarsa, kai da motonka.

Masallaci na biye, amma da izinin liman ko ladan. "Allah gafarta Malam" ka fara da ita. Masallatai da yawa yanzu ana kulle su bayan isha, abin da za ka samu shi ne baranda ko haraba. Ka naɗe shimfiɗarka kafin kiran assalatu, kada masu zuwa salla su tsallaka ka.

Lakwal wuri ne mai kyau lokacin hutu ko daren da ba karatu washegari. Diraktan ake tambaya, ba mai gadi kaɗai ba. Malaman ƙauye da yawa su ma baƙi ne a garin, sun san zafin rashin masauki. Likitar gari ma tana da baranda da haske, sai dai wurin marasa lafiya ne, ga sauro, ga masu zuwa cikin dare. Na ajiye ta don ranar ruwan sama.

Shingen jandarma ko na ƴan sanda a bakin gari: in dare ya riga ya yi maka, nan za ka nufa, ba cikin gari ba. Rage gudu tun daga nesa, sauke fitila, tsaya inda aka ce, ba da takardu, ka faɗi gaskiya. Sau da yawa za a nuna maka inda direbobin manyan motoci ke kwanciya. In sun ce a'a, ko sun ce matsa gaba, ka bi. Kada ka ɗauki hoto a wurin, ko na motonka ne.

Tasha da gidan mai su ne na ƙarshe a cikin gari. Yi magana da sarkin tasha ko mai gadi, ka kwanta kusa da mai shayin da ke kwana a wurin. Barci ba zai yi daɗi ba, amma akwai ido.

Hattara: kada ka yada zango kusa da barikin soja, eriyar waya, ko matatar mai ta SORAZ da ke hanyar Tanut. Masu gadin irin waɗannan wurare ba su san ka gaji ba ne.

6. Kwanan moto

Roƙi a shigar da shi cikin gida ko zaure. In bai yiwu ba, ya kwana inda hannunka zai taɓa shi. Kulle kai, rufe makunnin mai, zura sarƙa ta cikin ƙafar baya ka haɗa da ginshiƙi ko bishiya. Sarƙar da ba a ɗaure ta da komai ba ba ta hana mutum biyu ɗaga ƙaramin moto. Wasu kan cire hular buji su sa a aljihu, dabara ce mai kyau in dai za ka tuna da safe. A kan rairayi, sa falalen dutse ko guntun katako ƙarƙashin jak, in ba haka ba cikin dare za ka ji ya kife, mai na zuba.

Kwance jaka ka yi matashi da ita. Kuɗi, waya, takardu da makulli a jikinka. Kada ka ƙirga kuɗi a gaban jama'a, manyan kuɗi ma gara ka tura su ta Nita ko Amana ka karɓa a inda za ka.

7. Shimfiɗa

Haska ƙasa da tocila kafin ka shimfiɗa. Kana neman rami, gidan tururuwa, da ƙarangiya, wadda in ta kama bargo sai ka yi kwanaki kana cira. Share wurin, ka nisanci tarin itace, tubali ko kara, don nan kunama ke fakewa. Ɗaura igiya daga ginshiƙi zuwa kariyar moto, rataya sange, ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe. Ko ba sauro ka yi haka, sange na tare abin da ya fi sauro. Takalmi a cikin leda, da safe a kaɗe shi kafin a sa ƙafa.

A hunturu sanyi daga ƙasa yake shigowa, kwali biyu daga mai kanti a ƙarƙashin tabarma sun fi ƙarin bargo. Nemi bangon da ya tare maka iskar gabas da arewa. A bazara kuwa bangon siminti da ya sha rana har tsakar dare yana fitar da zafi, fili ya fi.

8. In daji ya zama dole

Moto ya mutu, ko faci ya ƙi, ba gari kusa. In ka hango wuta ko ka ji kukan dabbobi, rugga ce ko zangon Buzaye. Tsaya daga nesa ka ɗaga murya da sallama, ka jira a fito, saboda karnuka da kuma mutunci. Su ma sun san haƙƙin baƙo.

In ba kowa, tura moton ka bar bakin kwalta zuwa bayan tudu ko duwatsu, inda fitilar mota ba za ta same ka ba, amma kana jin ƙarar hanya. Kada ka hura wuta, kada ka yi ta haska tocila. In akwai rezo, tura wa na gida inda kake. Wurare huɗu ka guje musu. Kori ko busasshiyar ƙorama: rairayinta na da laushi, amma da damina ruwan da aka yi a wani wuri can nesa kan iso cikin dare ba tare da ɗigo ya sauka a kanka ba. Burtali da bakin rijiya: garke na tafe tun kafin gari ya waye. Gonar mutane, musamman da kaka, lokacin da damman hatsi ke ajiye kuma kowa na gadin nasa. Sai gindin doguwar bishiya ita kaɗai a fili in hadari ya haɗu, saboda tsawa. Gindin aduwa kuma ƙaya ce zalla, taya ba ta tsira.

Hattara: kada ka jingina moto mai zafin inji cikin busasshiyar ciyawa, gobarar daji daga ƙaramin abu take tashi. In maciji ya sari mutum, kububuwa ce aka fi tsoro a yankinmu, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wa tamau. A hana gaɓar motsi a nufi likita mafi kusa.

9. Safiya da abin da za ka kashe

Tashi da asuba, naɗe kaya, share inda ka kwana, kwashe ledojinka. Kada ka sulale ba sallama, ko da sauri kake: jira mai gida ya fito daga masallaci. Wanda ya ɓace kafin gari ya waye, duk abin da aka rasa a garin ranar shi ya ɗauka.

Kada ka miƙa wa dattijo kuɗi a matsayin kuɗin kwana. Bar sauran sukari da ganyen shayi, ba yaron da ya yi maka hidima dala ashirin ko arba'in, ka ce a sayi goro. Mai gadin tasha ko gidan mai shi kam ana ba shi a hannu, dala hamsin zuwa ɗari, tun da dare ma ya fi. Cajin waya da ruwan leda ƴan daloli ne. In ka ware jika ɗaya zuwa biyu don kowane dare, har da abincinka, ka wadata. Mai dabam ne: a 2024 hukuma ta sauke litar esansi zuwa sefa 499 a gidan mai, amma na kwalba a ƙauye yadda ka samu ne, don haka cika tanki a babban gari.

Karɓi lambar mai masaukinka, ka kira shi in ka sauka lafiya. Da dawowa kana da gida a garin, kuma shi zai ba ka sunan wanda za ka nema a gari na gaba.

Kafin ka tada inji, juya tayoyin biyu a hankali ka duba ƙaya, latsa ka ji iska, duba man inji da sarƙa. In akwai abin gyara, a yi shi nan inda mai faci yake, kada ka ce sai gaba.